Shekarar da Aka Buɗe Rumbun Baba

Bana ma ruwa ya yi mana irin halinsa. Ya sauko da wuri, kowa ya yi shuka, gero ya kai gwiwa, sai ya ɗauke ƙafa kamar wanda aka yi wa laifi. Da rana ganyen dawa ya kanannaɗe. Da yamma hadari ya haɗu ta gabas ya yi baƙi ƙirin, a kwashe shanya, a shigar da awaki, iska ta zo ta watsa shi. A cikin wannan hali ne motocin 'yan siyasa suka fara zarya tsakanin Birnin Kudu da Gwaram da lasifika a ka, domin zaɓen 'yan majalisa yana tafe.

Jikana Nasiru, ɗan 'yata ta fari, direba ne, yana jigila tsakanin Birnin Kudu da Kano. Kwanan nan ya zo Wurno gaishe ni, ya zauna a bakin tabarma, ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba ya zaro waya. Wai ya samu jam'iyya. Ƙarama ce, ba ta da gwamna, ba ta da masu kuɗi, amma a cewarsa ta talaka ce.

Ya ce, "Hajiya, ki saurara ki ji manufofinsu. Taki zai iso hannun manomi kafin ruwan fari, ba sai an yi huɗa ba. Mace mai ciki ba za ta biya komai a asibiti ba. 'Yan firamare za a ba su abinci. Manyan masu kuɗi a ƙara musu haraji, a sassauta wa mai tireda da ɗan acaɓa. Sannan kowace mazaɓa za a gina mata rumbun gwamnati, a sayi hatsi da kaka da daraja, a fito da shi da damina da sauƙi. Duk wanda kuma ya ɓoye hatsi a sito yana jiran tsada, doka za ta sa a buɗe."

Na ce, "Maimaita na ƙarshen."

Ya maimaita yana murmushi, a zatonsa ya samu ƙuri'a. Bai san na taɓa jin maganar nan kusan kalma da kalma daga bakin kakansa ba.

Ni 'yar Farin Dutse ce ta ƙasar Gwaram. Da rani aka kawo ni Wurno ina amarya, gidan wani dattijo da duk garin ke kira Baba Mai Rumbu. Sunansa na yanka ban taɓa faɗa ba, na ɗansa da na aura ma haka, Malam nake ce masa har ya koma ga Allah. Uwar Malam ta rasu kafin a kawo ni, 'yan'uwansa mata duk suna ɗakunan mazajensu. Mu uku ne ke nan a gidan: Baba, Malam, sai ni a bakin murhu.

An yi mana bikin da aka daɗe ana zancensa. Tuwo har aka rasa mai ci. Lefena kuwa mata sun yi ta zuwa kallo, suna ɗaga atamfofi suna shinshinawa, musamman wata shuɗiya mai ɗigon fari wadda ba a taɓa ganin irinta a unguwar ba. Ni kuwa kaina ya kumbura, ina tafiya kamar ba zan taka ƙasa ba. Malam kansa bai ga yadda aka haɗa kayan ba, domin yana Kano ci-rani, yana dako a kasuwa. Da ya dawo Baba ya ce masa gyaɗa ce ta yi albarka, ga kuma ɗan maraƙin da aka sayar. A zamanin nan ɗa ba ya tsare ubansa da tambaya.

Rumbu biyu ne a gidan. Ƙarami yana sashen Baba, daga shi ake ci. Babban na ƙasa ne, yana zaune a kan duwatsu a filin da ke tsakanin zaure da cikin gida, ana hango jinkarsa daga hanya. Shi ne rumbun tsimi. An liƙe bakinsa da laka, ba a buɗe shi sai shekarar da abinci ya gagara. An ce a wata yunwa da aka yi tun Malam yana goye, daga cikinsa Baba ya ciyar da rabin unguwa, a nan ya samo sunan. Ba shi da sarauta, ba shi da karatu mai zurfi, amma duk wata gardamar iyakar gona ko neman aure sai an jira shi ya zo. Mutuncinsa duka a jikin rumbun nan yake. A bazarar shekarar da ake zafi kamar za a ƙone, na leƙo ta kafar danga na gan shi a kan tsani yana yi masa sabon yaɓe da hannunsa, bayan nan ya sa aka ɗora masa sabuwar jinka.

Tsakanina da Baba kunya ce irin ta da. Ba na haɗa ido da shi, in na ji takunsa in kauce, gaisuwa kuwa a durƙushe daga bayan ƙyaure. Kullum da safe zai ajiye ƙwaryar hatsin yini a bakin ƙofar sashensa, ya yi gyaran murya, ya wuce, sannan in fito in ɗauka. Mace ba ta leƙa rumbu, ba ta kuma tambayar abin da ya rage a ciki. Abin da aka auno mata a ƙwarya shi ne iyakar labarin da za ta samu.

Da yake amarya ce ni ba na zuwa gona, saboda haka a tsakar gida na ga daminar nan. Ruwan fari ya sauka, ƙamshin ƙasa ya tashi, maza suka fita da sungumi. Shukar ta fito ta ƙone. Aka sake wata. Ruwa ya dawo, aka yi noman firi, aka fara maimai, mutane suka ɗan saki jiki. Gero na shirin ɗaukar ciki sai sama ta sake kullewa. Rana ta riƙa fitowa fara fat tun da hantsi, ƙasar tsakar gida ta yi zafin da kaji ma ba sa iya takawa, ruwan randa ya koma ɗumi. Ga shi kakar da ta wuce ma ba wani abin kirki aka samu ba. Hatsi ya yi tsada a kasuwar Birnin Kudu, wanda ya je da akuya sai ya dawo da abin da bai kai ya aza a ka ba.

Ni da kunne na fara gane yunwa ta shigo. Da can, in hantsi ya yi, unguwa kan ɗauki ƙarar daka ta ko'ina, har kana iya cewa wannan taɓaryar wance ce. Sai turame suka riƙa yin shiru ɗaya bayan ɗaya. Maimakon ƙamshin tuwo da yamma sai warin tafasa da ake dafawa. Aka ci rama, aka ci zogale har bishiyoyin suka zama sanduna, aka koma yaɗiya. Wanda ya samu ƙuli-ƙuli ya yi kwaɗo, wanda bai samu ba ya barbaɗa gishiri. Wasu gidajen dusar da ake ba awaki aka riƙa tankaɗewa ana dama wa yara. Yaran ma sun daina guje-guje, sai dai ka gan su a gindin katanga suna zaune, cikkuna a gaba.

Turminmu bai yi shiru ba. Amma ƙwaryar Baba ta fara ba ni wani labari. Da farko zangarniyar gero yake ajiye min, in yi sussuka da kaina, ga ƙamshin rumbu a jikinta. Sai ya koma kawo sussukakke. Daga nan sai yau jar dawa, gobe gero mai tsakuwa, jibi masara, alhali mu farar dawa muke nomawa, masara kuwa ko a bayan gida ba mu da ita. Ƙwaryar ma ta riƙa sauka, har ya zama sai na haɗa da ganye tuwon yake isar mu.

A lokacin nan kuma Baba ya tsiri fita. In sun yi aikin gandu kwana biyu shi da Malam, sai ya ce masa ya ci gaba, shi zai je dubiya, ko ta'aziyya, ko sasanta wasu 'yan'uwa. Ya sa babbar rigarsa tun da asuba ya fita, sai la'asar sakaliya ya dawo. Na ce a raina mutanen Baba sun cika ciwo da mutuwa bana. Wata rana ya fito da kayan wanki, ina zazzage babbar rigar sai ga wata tsohuwar 'yar shara ta faɗo daga aljihu a dunƙule, jiƙe da gumi, duk ta yi dumu-dumu da baƙar laka. Gonarmu jigawa ce, yashi ne ja. Baƙar laka sai fadama, fadama kuwa ta masu hali ce da ke ɗaukar 'yan ƙodago. Na tsaya riƙe da rigar. Baba Mai Rumbu ƙodago yake zuwa can inda ba a san shi ba, a biya shi da hatsi, ya ɓoyo a ƙarƙashin riga, da safe ya auno min kamar daga rumbu ya ɗebo. Na wanke 'yar sharar, na shanya ta a cikin ɗakina inda ba mai gani, na ninke na mayar aljihun.

Malam kuwa siyasa ya kwaso a Kano. A can ya zauna da 'yan wata jam'iyya ta talakawa, ya dawo ba ya ji ba ya gani. Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, amma in ya yarda da abu ko bango ne sai ya bi ta cikinsa. Ya iya manufofin nan kamar karatun allo. Talaka ba zai ƙara yi wa wani babba noma kyauta ba. Makaranta kyauta, magani kyauta, rijiya a kowace unguwa. Kowane gari a yi rumbun jama'a, mai buƙata ya ɗiba da damina ya mayar da kaka ba tare da ƙari ba. Masu ɓoye hatsi kuma a buɗe rumbunansu. Ina tuƙa tuwo yana karanta min, har na haddace ban sani ba.

Abin da ke cin ransa shi ne jinkar nan da ake hangowa daga hanya. Duk inda ya tsaya yana zagin masu ɓoye hatsi sai ya ga idon mutane ya karkata wajen gidanmu. Wata rana bayan la'asar na ji su a zaure shi da Baba.

Malam ya ce, "Baba, mutane fa dusa suke ci."

"Na sani."

"To rumbun nan fa?"

"Lokacinsa bai yi ba."

"Baba, ana cewa tsada kake jira. A gabana ake faɗa."

Baba ya ce, "Bar su su faɗa. Je ka ci tuwonka."

A ranar na gane Baba ya zaɓa. Ya gwammace a kira shi marowaci mai jiran tsada da a san cewa ba shi da shi. Da Malam ya shigo yana huci, na ajiye masa akushi, na durƙusa, na ce, "Malam, ni fa ina jin babu komai a rumbun nan."

Ya ce, "Wa ya gaya miki?"

Na ce, "Ƙwarya ce ta gaya min, da wanki." Na kwashe duk abin da na gani na faɗa masa, har da baƙar laka.

Ya yi dariya, ba ta mugunta ba, irin wadda ake yi wa yaro. Ya ce, "Yaushe aka kawo ki gidan nan? Kin taɓa leƙa rumbu, ko da na gidanku ne? Da hannuna na miƙa damman da ke ciki, ni na kwaɓa lakar da aka liƙe shi. Hatsin da kike gani musaya yake yi da abokansa don kada a taɓa na tsimi, halinsa ne. Laka kuwa duk mai tafiya da damina yana taka ta. Ki gaya min, wane mahaukaci ne zai yi wa rumbun wofi sabuwar jinka?"

Na ɗauki kwanon wanke hannu na fita.

Ranar da ɗan takarar majalisa na jam'iyyar su Malam zai zo Wurno, Baba ya sa babbar riga da asuba ya tafi dubiyarsa. Malam ya ce in dama fura, domin bayan taro zai kawo baƙon gida ya sha ruwa, in kuma yi kwalliya, in ɗaura shuɗiyar nan mai ɗigon fari. Na tattara ɗan geron da na ɓoye na yi fura, na ɗaura zanen. An yi taron a gindin tsamiyar da ke bayan dangarmu, da lasifikar da aka jona da batirin mota. Ɗan takarar wani dogon malamin makaranta ne daga Birnin Kudu, muryarsa a dishe. Ina tsinkar tafasa a tsakar gida ina jin sa yana jero abubuwan da na riga na haddace. Da ya zo kan rumbun jama'a aka yi tafi, da ya zo kan masu ɓoye hatsi aka yi wanda ya fi shi. Sai na ji an kwashe da dariya. Daga baya aka gaya min wani mai saya wa 'yan kasuwar Kano hatsi ne, ɗan wata jam'iyyar daban, ya ɗaga murya ya ce, "Ɗan Mai Rumbu, ai ga na gidanku can muna hango jinkarsa. A fara da shi mana."

Abin da na ji da kunnena shi ne muryar Malam a lasifika. Ya ce, "Jama'a, mu ba ma faɗin abin da ba za mu yi ba. Yau za a buɗe shi. Duk mai buƙata ta zo da ƙwaryarta."

Tafasar ta zube daga cinyata. Kafin in kai bakin ƙofa gida ya cika. Maza a zaure da kan katanga, mata sun shigo ta ƙofar baya da ƙore da kwanuka, wasu da goyo, wasu sun kwance ɗankwali don su ƙulla a ciki. Suna ta sa wa Malam albarka, suna sa min. Wata ta riƙe hannuna ta ce Allah ya sa in haifi mai hali irin na mijina. Na nemi in ratsa in isa wurinsa, amma amarya ba ta ratsa maza, ko na isa ma na riga na faɗa masa bai ji ba. Na tsaya a bakin danga cikin kwalliyata.

Samari suka ɗaga jinkar suka sauke ta ƙasa. Malam ya hau tsani da fartanya ya fasa lakar. Ya leƙa. Ya daɗe yana leƙawa. Sai ya zura ƙafafunsa ya shiga, muka ji dirarsa a ƙasan rumbun, tim, da amsa-kuwwa. Duk wanda ya taɓa noma ya san rumbun da ke da hatsi ba ya wannan ƙara. Wurin ya yi tsit, har kukan wani jariri ya zama kamar shi kaɗai ne a garin. Wani wari ya taso na tsohuwar ƙura da kashin ɓera. Can Malam ya fito da kansa, yanar gizo a hularsa, ya buɗe tafin hannunsa. Ƙaiƙayi ne kawai.

Akwai wata maƙwabciyarmu, Iya Tabawa, tsohuwa ce mai riƙon jikoki marayu, ita ta zo da ƙwarya mafi girma. Ba muguwa ba ce, yunwa ce ta yi magana da bakinta. Ta dubi rumbun, ta juyo ta dube ni tun daga ɗankwali har ƙafa, ta ce, "Ashe shi ya sa aka yi mana bikin da ba a taɓa yi ba. To ku daina leƙen rumbu, ga hatsin nan a jikin amarya."

Duk idon da ke wurin ya dawo kaina. Ban taɓa kawo wannan a raina ba. Na gane rumbun wofi ne, amma ban taɓa tambayar kaina ina hatsin ya tafi ba, sai a lokacin, a tsakiyar mata masu ƙoren wofi, ina sanye da shi. Kunya ta rufe ni har na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ji zanen yana ƙona min fata.

A haka Baba ya yi sallama. Maza suka dare masa hanya, ba wanda ya iya amsawa da ƙarfi. Ya shigo a babbar rigarsa, hannu ɗaya a ciki yana riƙe da wani ɗan ƙunshi, baƙar laka ta bushe a ƙwaurinsa. Ya dubi jinkar a ƙasa, ya dubi matan, ya ɗaga kai ya dubi ɗansa a kan tsani. Na ɗauka zai tsine masa. Sai ya ce, a muryar da yake cewa a ɗaure akuya, "Mayar da jinkar, hadari ya taso." Ya wuce sashensa.

Hadarin kuwa da gaske ya taso, kuma ranar bai watse ba. Aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya, ruwan da aka yi makonni ana roƙo. Mutane suka watse ba tare da sallama ba. Ɗan takarar ya shiga mota ya tafi, furar da na dama ta kwana a ƙwarya. Malam da samari biyu suka mayar da jinkar a cikin ruwa. Washegari da safe na ji an ajiye ƙwarya a bakin ƙofa, an yi gyaran murya, kamar kullum.

Daga nan marka ta kama. Kwana da kwanaki sama a rufe, itace a jiƙe, hayaƙi ya cika ɗaki, ga yunwa tana nan domin gero bai nuna ba. Ba wanda ya zagi Baba. Da ma zagin aka yi da ya fi sauƙi. Tausayi aka koma yi masa. Mutanen da suka saba durƙusa masa suka riƙa aiko yara da ɗan kwaɗo a kwano, a ce a kai wa Baba. Ana karɓa a yi godiya, amma ban taɓa ganin ya taɓa ba. Aka yi rikicin iyakar gona a unguwa aka sasanta ba a aiko masa ba. Sunan Mai Rumbu ma aka daina kiransa da shi, wai don kada ya ji zafi, sai Baba kawai. Shi kuma ya daina sa babbar riga da asuba. Ya riƙa fita a 'yar shara da fartanya a kafaɗa, ta tsakiyar gari.

Ni kuwa na kasa leƙa ko ƙofar gida. Wata safiya na kwaso atamfofin nan duka, har da shuɗiyar, na ninke su a faifai na ajiye a inda yake ajiye min ƙwarya, na yi gyaran murya irin nasa, na koma bayan ƙyaure. Na ji ya fito, ya tsaya. A duk zamana da shi, ranar ce ya yi min magana mafi tsawo.

Ya ce, "Yarinya, mene ne wannan?"

Na ce, "Baba, a kai kasuwa."

Ya ce, "Ni na sayar da hatsina, ba wanda ya sa ni. Na so a kawo ki gidan nan da daraja, an kuma kawo ki. Wanda ya gani ya riga ya gani. In kika daina ɗaurawa, ba hatsi ba zane ke nan. Ɗauki kayanki. Ranar zaɓe shuɗiyar za ki ɗaura."

Na yi kuka a bayan ƙyauren nan har na gode Allah, amma ban iya cewa a'a ba.

Malam ya yi kwanaki ba ya iya cin abinci. Ana gobe zaɓe ya je ya durƙusa a gaban Baba a zaure yana neman gafara, ya ce ya bar siyasa har abada. Baba ya ce, "A'a. Maganarku gaskiya ce, da akwai rumbun jama'ar nan da ban je fadamar wani ba. Su zan zaɓa. Amma ka gaya wa malamin naku, in sun tashi gina shi su yi masa ƙofa ta baya. Mai jin yunwa ba duka ne yake iya zuwa da ƙwarya a gaban mutane ba."

Ranar zaɓe ana yayyafi. A lokacin mata ba su daɗe da fara jefa ƙuri'a ba, duk wadda ta fito ana kallonta. Baba ya sa babbar rigarsa ya shige gaba, Malam na biye, ni a baya cikin shuɗiya mai ɗigon fari, kaina a sunkuye. Ban taɓa yin tafiya mai nisan ta ranar ba, alhali makarantar da ake zaɓen tana nan bayan masallaci. Na shiga layin mata. Iya Tabawa ce a bayana. Da layi ya matsa sai na ji ta kama bakin zanen ta ɗaga min shi don kada ya ja taɓo, ta riƙe har muka kai ƙofa.

Ɗan takarar ya ci zaɓe ya tafi majalisa. Rumbun jama'a ko tubalinsa ba mu gani ba, ba a daɗe ba ma mulkin ya sauya hannu. Gero ya nuna, muka gasa tumu muka ci har haƙora suka yi ciwo. Kakar ba ta yi laifi ba, amma ba ta kai a zuba a na tsimi ba, ta bayanta ma haka. Baba ya rayu wasu shekaru, duk bazara yana yi wa rumbun yaɓe, bai sake cika shi ba. Yanzu ko duwatsun da ya zauna a kai babu, wurin ne Nasiru yake ajiye motarsa in ya zo.

Duk wannan ban ba Nasiru labarinsa a ranar ba. Cewa na yi, "Wannan rumbun naku, ta ina za a yi masa ƙofa?"

Ya yi dariya. "Hajiya ke nan. Ƙofa kuma? Ai yanzu layi ake yi, a miƙa wa mutum buhu, a ɗauki hoto a sa a waya kowa ya gani, don kada a ce an cinye."

Na ce, "To ka gaya wa ɗan takararku wata tsohuwa a Wurno ta ce a yi ƙofa ta baya. Ƙuri'ata kuma taku ce, da ma can gidan nan irinku muke zaɓa."

Na tashi na buɗe adaka, na zaro shuɗiyar daga can ƙasa don ta sha iska kafin ranar. Ta koɗe, ɗigon farin ya koma ruwan ƙasa, bakinta ya fara zarewa. Duk zaɓen da aka yi tun daga wancan ita nake ɗaurawa, kuma har yau in na ɗaura ta ba na iya ɗaga kai sosai. Nasiru ya kama gefenta da yatsu biyu ya ce, "Haba Hajiya, wannan tsumman fa? Bari in sayo miki sabuwa a Kano."

Na karɓe abina na ce, "Sake min. Hatsin kakan uwarka ne."